Daga Kwangila zuwa bakin teku: yadda ake cin kasuwar kifi da abincin bakin ruwa a Legas

Mu a Zariya ruwan da muka saba gani bai wuce Kubanni da Galma da madatsar jami'a ta Samaru ba. Kifinmu kuwa tarwaɗa ce da karfasa, sai na ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi bayan la'asar. Abin mamakin shi ne mutanenmu da yawa suna zuwa Ikko, wani sarin kaya, wani ɗauko mota, wani taron wurin aiki, amma sai mutum ya sauka a Agege, ya ci tuwo da miyar kuka wajen Bahaushiya, ya sha shayi wajen Bahaushe, ya juyo gida bai ga ruwa ba sai ta tagar mota a kan gada. Garin da tun 1912 layin dogo ya haɗa mu da shi, audugarmu da gyaɗarmu suka riƙa bi ta tashar Sabon Gari suna sauka can a loda su a jirgin ruwa, bai kamata a ce iyakar saninmu da shi tashar mota ba ce.

Ga yadda nake tsara wa duk wanda ya tambaye ni. Kwana uku sun isa, ban da na hanya.

Mataki na farko: zaɓi lokaci, ka zaɓi masauki

Kada ka je tsakanin Mayu da Yuli in ba dole ba. Ruwan sama na Legas a wannan lokacin ba irin namu ba ne da zai zuba awa guda ya ɗauke. Yana iya wuni yana zuba, tituna su cika, kasuwar kifi ta koma caɓi. Disamba kuma garin cike yake da baƙi, kuɗin masauki ya tashi, wuraren cin abinci na bakin ruwa su zama wurin kiɗa. Nuwamba, ko tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, su suka fi. Sai dai ka bar rigar sanyi a gida. Hunturun da ke fasa mana leɓe a Tudun Wada, can zufa ce za ta riƙa bin bayanka tun da safe.

Maganar hanya ba sai na tsawaita ba. Mai hali ya gangara Kaduna ko ya haura Kano ya hau jirgin sama, awa ɗaya da 'yan mintuna ya sauka a Ikeja. Mai bin ƙasa ya nemi mota a Kwangila ko a Kaduna, ya shirya wa tafiyar da za ta ci masa yini har da wani ɓangare na dare, ko ta Lokoja ko ta Jebba da Ilori. In ta mota ka zo, ranar saukarka ta barci ce, kada ka lissafa ta.

Masauki shi ne wurin da mutane suka fi yin kuskure. Ɗan'uwa yana Agege ko Mile 12, sai a ce ai gida bai ƙoshi ba a kai wa otal. Zumunci ya yi, amma ka sani ruwan yana can kudu, kuma cunkoson safe zai iya cinye maka awa uku kafin ka isa tsibirin Legas, wato Lagos Island, tsohon tsakiyar garin. In dole a Agege za ka kwana, nemi jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 2024, wanda ke tasowa daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba ya tsaya a Oyingbo. Ka tambayi lokutan tashinsa tun daren jiya, don ba kowace awa yake wucewa ba. In kuwa da hali, kama ɗaki a Yaba ko Obalende. Obalende ma akwai mutanenmu da masallatai da masu tsire, kuma tana manne da tsibirin.

Tun ranar farko ka sayi katin Cowry ka zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga manyan motocin gwamnati na BRT da jirgin ƙasa na gari da jiragen ruwa na gwamnatin jiha. Acaɓa kuma ka manta da ita a tsibiri da Ikeja da Apapa: tun Yunin 2022 aka hana ta a waɗannan yankuna, kuma dokar ta haɗa da wanda aka ɗauko, ba mai tuƙi kaɗai ba. Ko da ɗan unguwarku ne ya tsaya ya yi maka Hausa, gaisa da shi ka wuce.

Mataki na biyu: ranar farko, shiga ruwa

Ruwa biyu ne a Legas, kuma dole ka bambance su. Akwai babban tafkin da ya ratsa garin, wanda Yarbawa ke kira osa, shi ne gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ta bi ta kansa. Akwai kuma teku kanta, okun, wadda ke kudu da tsibiran. Na farko a kwance yake, a kansa ake zirga-zirgar fasinja. Ta biyun kallo ake yi mata daga nesa.

Da sassafe ka nufi tashar ruwa ta Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi, ko wadda ke Marina kusa da tashar motar CMS. Ka ce Tarkwa Bay za ka. Wani bakin yashi ne da ba a zuwa da mota, tafiyar kamar sulusin awa ce a kwalekwale mai inji, kuma hanyar tana bi ta mashigar da manyan jiragen kaya ke bi su shiga Apapa. A nan ne za ka gane girman jirgin ruwa. Kwantenar da tirela guda ke nishi da ita a hanyar Kaduna, za ka ga an jera ɗaruruwanta a bayan jirgi ɗaya kamar kwalayen ashana.

Abubuwa uku kafin ka taka kwalekwale. Ka yi ciniki na zuwa da dawowa, ka karɓi lambar mai jirgin, ku tsayar da lokacin da zai dawo ɗaukarka. Ka sa rigar kariya, ka ɗaure igiyoyinta, ba ratayawa kawai ba. In aka miƙo maka wadda ta yage ko babu maɗauri, ka ce a canza. Sannan ka dubi yawan mutanen da aka loda. In ka ga bakin jirgin ya kusa shafar ruwa, jira na gaba. Kuma duk abin da kake yi, ka dawo tudu kafin magariba.

Wata rana muna tsakiyar ruwa inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Jirgin ya fara lilo, ni kuma na fara karanta duk abin da ya zo bakina. Wata dattijuwa da ke gefena da bahon kaya a cinya ko ɗaga kai ba ta yi ba. Matuƙin ya ɗaga injin sama, ya sa hannu ya warware wata baƙar leda da ta naɗe farfela, ya jefar, ya ja igiya, muka ci gaba. Haka abin yake, leda ce ko ciyawar ruwa irin kainuwa, wadda ke cika hanyar Ikorodu bayan damina. In ya faru da kai ka zauna daram. Miƙewa tsaye cikin firgici shi ke kifar da ƙaramin jirgi.

A bakin yashin akwai masu ba da hayar kujera da rumfa, da masu gasa kifi da masu kwakwa. Tambayi kuɗin kujera kafin ka zauna. Ka shiga ruwa iyakar idon sawu ko ƙauri, ka ɗanɗana gishirin in kana so ka ba da labari a gida. Amma ko ka iya iyo a Galma, teku daban ce: igiyar da ta zo ta buge ka, idan za ta koma tana jan yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Tarkwa Bay tana da ɗan sauƙi saboda ganuwar duwatsun da aka yi wa mashigar jirage, amma buɗaɗɗun wurare na Lekki sun sha cin mutane. Yara kuwa hannunsu a naka. Takalmi da waya a ajiye can sama, don ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a yini, inda ka bari a bushe da hantsi za ka iya tarar da shi a ruwa da azahar.

Da ka dawo Marina, kasuwar Balogun da Idumota suna nan a ƙafa. Atamfa, leshi, takalma, jakunkuna, duk sarin da ake kawo mana Sabon Gari da Kantin Kwari akwai tushensa a nan. Ba kasuwa ce mai ƙofa ba, tituna ne suka zama kasuwa. Ka riƙe hasumiyoyin Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe a matsayin alama, in ka ɓata ka nufe su, ka yi azahar a can. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 yana titin Martins, bai yi nisa ba, ya cancanci a leƙa. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 na safe saboda shara, Lahadi kuma yawancin shaguna a rufe suke. Lokacin salla ma yana bayan namu da kusan sulusin awa, don garin yana yamma da mu.

Mataki na uku: rana ta biyu, kasuwar kifi ta Epe

Wannan ita ce zuciyar tafiyar, kuma ita ce ke son sammako. Epe tana can gabas a gefen tafki, tafiyar awa biyu zuwa uku gwargwadon cunkoso. Ka fita bayan asuba. Hanyar Lekki zuwa Epe ita ce manyan motocin matatar man Dangote da na sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki ke bi, in rana ta ɗaga sai haƙuri. In kuna da yawa ku yi shatar mota ta yini, ya fi sauƙi a kan canje-canjen mota da kifi a hannu.

Kasuwar sunanta Oluwo. Mata ne ke riƙe da ita. Masunta suna kawo kamun dare a kwalekwale, matan su saya a bakin ruwa su jera a bahuna da tebura. Epe gari ne mai Musulmi da yawa, har suna da bikin Kayo-Kayo da suke yi a farkon Muharram, wanda ke tuna zuwan Sarkin Legas Kosoko garin a 1851, saboda haka sallama ba baƙuwa ba ce a wurin.

Kada ka saya a teburin farko. Zagaya kasuwar gaba ɗaya hannunka a aljihu, ka ji farashi a wurare uku ko huɗu. Za a yi ta kiranka, aboki, malla, alaji. Kada ka ɗauka da zafi. Ka amsa da fara'a ka gaishe da mai kaya da harshenta: e kaaro ma, wato ina kwana. Elo ni, nawa ne. O ti won ju, ya yi tsada. Waɗannan ukun sun fi dogon Turanci sauko da farashi. Ka kira ta Iya, kamar yadda za ka kira tsohuwar gidanku. In ciniki ya faɗa ka nemi gyara, su jara suke cewa, ba sai an yi tafinta ba. Kuɗin da aka fara faɗa wa baƙo mai doguwar riga da hula ba shi ne kuɗin kifi ba, amma kuma kada ka yi tayin wulaƙanci. Iya tana iya juya maka baya ta sanar da maƙwabtanta da Yarbanci, shi ke nan ka gama ciniki a wannan layin.

Gane sabon kifi ba wuya. Ɗaga murfin kunnensa ka duba ciki: ja wur ake so, in ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka ya kwana. Idonsa ya zama a fili, a tsaye, ba wanda ya lotsa ya yi hazo ba. Danna tsokar da yatsa, in ramin ya ciko nan take yana da kyau. Sannan hanci. Sabon kifi ƙanshin ruwa yake yi, ƙarni mai hawa kai alamar ya fara tafiya ne. Mafi sauƙi ka sayi mai rai.

Na tsaya na kalli wata Iya tana gyara mana tarwaɗa mai tsawon hannu. Ta cafko ta daga baho ta bayan kai yadda ƙayar gefe ba za ta soke ta ba, ta ɗora a katako, ta buga mata guntun icce sau ɗaya a ka. Ta watsa gishiri da ruwan zafi, ta murje yauƙin da hannu har baƙar fatar ta yi fari-fari, ta yanka gunduwa-gunduwa, duk tana ciniki da wani a bayana ba ta ko kallon wuƙar. Kuɗin gyara daban yake da kuɗin kifi, kuma wani lokacin mai gyaran ma daban ce. Ka tambaya tun farko.

Abin da za ka nema: obokun, wani farin kifi ne dangin tarwaɗa mai maiƙo, shi ne sarkin farfesu a wurinsu, eja osan, mai faɗi kamar wuƙa, da manyan jatan lande, ede, da ƙaguwa, akan. Na san Bahaushe da ƙyanƙyamin ƙaguwa. Amma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne kuma ba ya buƙatar yanka. Ƙyanƙyami daban, haramci daban. Wannan ma shi ya sa kifi ya fi komai kwanciyar hankali ga baƙo a garin da bai san wa ya yanka naman ba.

Akwai ɓangaren naman daji a kasuwar: kada, guza, kififiya, wani lokacin har da ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke naɗe kanta in an taɓa ta. Wuce kawai. Ɗankunya doka ta hana cinikinsa, kuma masu wurin ba sa son a ɗaga musu waya. Ko a wajen masu kifi, nemi izini kafin hoto, ka fara saye kafin ka nema. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don tura kuɗi ta waya yakan maƙale, Iya kuma ba za ta sake ka ba sai ta ga saƙo ya shigo. Takalmin roba za ka sa, ba sau-ciki na Juma'a ba.

Idan ba ka da inda za ka dafa, kada ka sayi ɗanye da yawa. Sayi na ci ɗaya, ka tambayi wadda ta sayar maka wa zai gasa ko ya yi farfesu a kusa. Ka ce a rage barkono tun kafin a ɗora, don abin da Bayarabiya ke kira kaɗan, a Zariya yaji ne na mai jego.

Mataki na huɗu: cin abincin dare a bakin ruwa

Wuraren zama na gani na faɗa suna jere a titin Ozumba Mbadiwe a Victoria Island da kuma unguwar Lekki Phase 1, kusa da gadar igiyoyi da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Ka je tsakanin la'asar da magariba, lokacin iska ta sauko, kiɗa bai tashi ba, masu shaye-shaye ba su cika ba. Yawancin wuraren nan ana sayar da giya, wannan ka sani tun daga gida, musamman in da iyali ka zo. Nemi tebur na waje ta gefen ruwa.

Karanta takardar abinci har ƙasa, inda ake rubutu da ƙananan haruffa. Kuɗin da ke gaban kowane abinci sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. Akwai harajin kaya na tarayya kashi 7.5 cikin ɗari, akwai harajin cin abinci na jihar Legas kashi 5, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima. Ni na taɓa cin wannan kuskuren a wani wuri da ba zan ambata ba: na lissafa kuɗina daidai wa daida a zuci, takarda ta zo da ƙari, ga kuma ruwan gora biyu da na ɗauka kyauta ne aka ajiye. Sai da na kira abokin tafiyata gefe muka haɗa. Tambaya ɗaya ta isa: wannan kuɗin har da haraji? In kuma an rubuta cewa farashin kifi ya danganta da girmansa, ka ce a kawo ka gani a faɗa maka kuɗinsa kafin ya hau wuta.

Abin da zan ce ka ci: gasasshen kifin teku da suke kira kuroka, da soyayyar doya ko gasasshiyar agada. Tsokarsa fara ce, tana ɓarewa sala-sala, ƙayarsa ba ta da yawa. Ko farfesun tarwaɗa, inda za ka nuna mai rai a cikin baho a kama maka ita. Ko miyar kuɓewa da aka cika da jatan lande da ƙaguwa, da sakwara ko teba. Ka tambaya ko an sa giya a miyar, don girkin Turawa da na Sin kan zo da haka, ka kuma tambaya ko a man da ake soya naman alade ake soya kifin. Ba abin kunya ba ne, sun saba da tambayar.

In yau ne farkon cin jatan lande ko ƙaguwa a rayuwarka, ci kaɗan ka saurara. Wasu jikinsu ba ya karɓa. Ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ido, ko numfashi ya fara yin wuya, a bar abincin a nufi asibiti nan take. Duk abin ruwa da aka kawo ɗanye ko bai dahu sosai ba, mayar da shi. Ruwan sha kuma na gora mai hatimi. An yi fama da kwalara a Legas a tsakiyar 2024, kuma tsibirin na cikin inda ta fi tsanani.

Ƙaguwa ba a cin ta da cokali da girman kai. Naɗe hannun riga, ɓalle ƙafar, fasa da haƙori ko bayan cokali, ka tsotse.

Mataki na biyar: tsaraba

Ɗanyen kifi ba zai kai Zariya ta mota ba, ko da kula da ƙanƙara, kasada ce. Banda za ka saya, da busasshen jatan lande na miya. In ba ka saya a Epe ba, kasuwar Oyingbo ta wadatar, kuma tana kan hanyar mai komawa Agege. Ɗauki kifin ka ji nauyinsa: wanda ya bushe sosai ba shi da nauyi, yana ƙara in ka ƙwanƙwasa. Karya guda ka duba ciki, kada ka ga fumfuna ko garin ƙwari. Ka shinshina kuma. Hayaƙi ya kamata ka ji. In ka ji warin fiya-fiya, ajiye, don akwai masu fesa maganin ƙwari saboda kaya su daɗe. Jatan lande ka sa hannu har ƙasan kwano, wasu yashi da ɓawo ne a ƙasa.

A kwali za a ɗaure maka, a shimfiɗa takarda, ba a leda ba. Leda tana sa shi gumi, kafin Lokoja ya fara wari, fasinjoji su fara waige. Mai hawa jirgin sama ya tambayi kamfanin tun wajen sayen tikiti, ya naɗe kwalin da kyau ya ba da shi cikin kayan awo.

Da ka iso gida kada ka bari sai gobe. Buɗe kwalin a daren, ka baza kifin a faranti ko a kan raga. Da safe a fitar da shi rana, iskar hunturu za ta ƙarasa abin da hayaƙin Epe ya fara cikin kwana biyu. A rufe da abin tata saboda ƙuda, a sa yaro ɗaya ya zauna kusa, don kyanwar maƙwabta tun daga zaure za ta ji labari.